Rauda da Kwamfutar da Aka Kyautar

Wanda ya bi layin da ya tashi daga kasuwar Tudun Wada ya nufi Gyallesu zai wuce wani shago mai koren ƙyaure. A ciki akwai tebur biyu, da injin fotokwafi, da fanka mai ƙara, da wata mata mai tabarau wadda ba ta ɗaga kai sai ta kai ƙarshen layin da take rubutawa. Ita ce Rauda Nagoda. Ni sunana Mika'ilu, akawu ne a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke bayan shagon nata. Aikina buɗe wa marasa lafiya kati da adana bayanansu, kuma ta nan na san ta.

Mahaifinta, Malam Nagoda, bulo yake bugawa. Kakanninsa daga Borno suka zo da fatauci suka zauna a Zariya, har yau ana ce wa gidansu gidan Barebari, ko da yake babu sauran mai jin Barbarci a cikinsa. A filin bulon nan Rauda ta tashi. Kafin ta tafi makaranta ita ke yayyafa wa sabon bugu ruwa, tana kallon magina suna gardama da babanta a kan inci shida da inci tara. Ta ce mini tun tana ƙarama ta lura cewa maginin da aka kira ya ƙarasa ginin wani, in ya san aikinsa, ba ya fara kwaɓa siminti sai ya zagaya bangon ya ga da wane bulo aka faro shi.

Ta karanci kwamfuta a foliteknik, ta auri Mujahid, malamin sakandare, ta buɗe shagon. Da buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ta fara. Daga baya masu kemis da makarantu suka gano tana rubuta manhaja, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta yi aikin da ake so. Mutane kan yi ƙorafin tana da yawan tambaya. Ka kai mata aiki, sai ta ajiye ka a kujera: wa ya yi na farko, da me ya yi, yana ina yanzu? Amma ban taɓa jin wanda ya ce ta ɓata masa aiki ba.

Mai asibitinmu Dakta Uwais ne. Yawancin masu zuwa wurinmu masu ciwon sikila ne, da matasan da ke gwajin jini kafin aure. A unguwa irin tamu, inda kowa ya san kakan kowa, sakamako ɗaya in ya fita waje zai iya rushe baiko ya raba gidaje biyu. Shi ya sa tun da daɗewa Dakta ya sa wani saurayi mai suna Isiyaku ya rubuta mana manhajar da ke kulle bayanan kowane mara lafiya. Ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, shirme kawai zai gani. Makullin wata jimla ce mai harafi ashirin, daga ni sai Dakta muka san ta, kullum da safe nakan buga ta komai ya buɗe. Isiyaku ya rasu bayan wasu shekaru, Allah Ya jiƙansa, aikinsa kuwa ya ci gaba da tafiya ba tare da ya taɓa ba mu matsala ba.

Kwamfutar ce ta tsufa. In ta yi zafi sai ta ɗauke tsakiyar aiki. Dakta ya sayo sabuwa, ya ba Rauda aikin rubuta sabuwar manhaja. Da ta gama, ta kwafe fayilolinmu a kulle yadda suke ta zuba a sabuwar, ta ce a bar tsohuwar a inda take, in ta dawo daga sunan ƙanwarta a Kwangila za ta kunna su gefe da gefe ta gwada.

A ƙarshen makon nan aka yi walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Modibbo. Modibbo dattijo ne Bafulatani, shi ya koya wa Dakta karatu tun yana yaro, kuma Dakta ba ya zuwa wurinsa hannu sake. Ga shi kuma ɗabi'arsa ce, in ya yi sabon abu, tsohon ba ya kwana a wurinsa. Na tarar da shi yana naɗe keburan tsohuwar kwamfutar.

Na ce, "Dakta, Rauda fa ta ce a bar ta."

Ya ce, "Malam Mika'ilu, fayil suna cikin sabuwa, makulli yana kanmu. Me ya rage a wannan in ban da ƙara? Yaran Modibbo sun fi mu bukatarta."

A wurin walimar aka faɗi kyautar a lasifika. Modibbo ya ɗora wa Dakta hannu a ka, jama'a suka shafa addu'a.

Da Rauda ta dawo ta ga wurin wayam, tabarau kawai ta cire ta goge. Ta ce in buga makulli a sabuwar. Na buga, ta ƙi. Na sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi, ta sake ƙi. Dakta ya leƙo ta kafaɗata.

"Ko tsufa ya fara taɓa ka, Malam?"

"Ai kai ma ka san shi, ranka ya daɗe. Bismillah."

Ya buga da kansa, ta ƙi shi kamar yadda ta ƙi ni. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Rauda ta jawo kujera ta ce, "Ku zauna in gaya muku. Mai rubuta manhaja ba ya ƙera kwaɗo da kansa. Akwai waɗanda masana suka ƙera suka ajiye, kowa ya ɗauka ya ɗaura a aikinsa. Laburare muke ce musu, amma kada ku nemi littafi a ciki. Marigayi Isiyaku ya ɗauki wanda ake yayi a zamaninsa. Ni na ɗauki na yanzu, don nasa an daina gyara shi tuntuni. Nawa ba ya karɓar makulli sai mai harafi goma sha shida, ko ashirin da huɗu, ko talatin da biyu. Naku ashirin ne."

Na ce, "To ai da ashirin ɗin muke buɗewa shekara da shekaru."

"Saboda tsohon yana da kara. In ka ba shi makulli gajere ba ya kunyata ka, sai ya cike gurbin da sifiri a ɓoye ya yi shiru. Wannan kuwa ba shi da ta ido, a fuskarka zai gaya maka bai kai ba."

Ta cike makullin da sifiri ya kai ashirin da huɗu. Ya karɓa, amma abin da ya fito a allon kamar kaza ta yi tono. Ta kai shi talatin da biyu, haka. Sai ta bar makullin ta koma duba tsawon fayilolin ɗaya bayan ɗaya, tana lissafi a baki.

Tana cikin haka wayar Dakta ta yi ƙara. Daga babban asibiti ne, a kan Zinatu. Zinatu tela ce a bakin kasuwa, mai sikila, tun tana budurwa katinta yake wurinmu. Tana da cikin fari bayan dogon jira, kuma likitoci sun sa mata ranar tiyata a mako mai zuwa. Dole a tanadi jini. Shekarun baya an taɓa ƙara mata jini jikinta ya ƙi shi, har aka fid da rai da ita. A lokacin an aika samfurin jininta Kano aka gano ainihin abin da jikinta ba ya so, muka ɗauki hoton sakamakon muka sa a fayil ɗinta. Takardar da aka ba ta ta lalace a wata damina da ɗakinsu ya zuba. Sake gwajin sai an sake aikawa, kuma ba lallai amsa ta dawo kafin ranar ba. Likitocin suna so su san wane jini za su guje wa, Dakta kuwa ya tuna an yi gwajin amma ba zai rantse a kan abin da ya nuna ba.

Ya ajiye wayar ya dubi Rauda. "Yanzu ke muke kallo."

Ta ce, "Makullinku lafiyarsa ƙalau. Girman bulo ne ya bambanta. Laburare ba ya kulle fayil a dunƙule, yanka shi yake gunduwa-gunduwa ya kulle kowace, ya jera su kamar bango. Nawa harafi goma sha shida-goma sha shida yake yankawa, a ce inci shida. Fayilolinku kuwa duk wanda na duba tsawonsa yana rabuwa da talatin da biyu cif. Ina kyautata zaton na Isiyaku inci tara ne. Ko da makullin gaskiya, nawa zai yanka a inda ba gaɓa ba."

"Ba za ki sa naki ya buga inci tara ba?"

"Nawa bai iya ba. Zan iya nemo wanda ya iya. Amma ban san yadda Isiyaku ya ɗaure gunduwa da gunduwa ba, ban san da me ya aza tubalin farko ba. Zan iya yin ta gwadawa, in dace gobe, ko in dace bayan Zinatu ta shiga tiyata. Ba na caca da jinin mutum, Dakta. Amsar tana cikin tsohuwar kwamfuta. Da na san za ta yi tafiya da na kwafi manhajar ma, amma yanzu ba lokacin da-na-sani ba ne. A ɗauko ta."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce abu ne mai sauƙi. Amma mutum ya yi wa malaminsa kyauta a gaban jama'a, a faɗa a lasifika, a sa masa albarka, sannan ya koma ya ce a maido? Duk da haka Dakta ya ɗauki makullin mota ya tafi, don likita ne kuma ya san abin da ke gaban Zinatu.

Ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya tarar da zauren cike da baƙi. Kafin ya buɗe baki Modibbo ya nuna musu shi ya ce ga wanda ya kawo wa yara kwamfuta, suka sake yi masa addu'a daga farko. Ya zauna, ya sha fura, ya yi sallama. Abin da ya fi muni, ya ji Modibbo na cewa ranar Alhamis, da yake babu karatu, wani malamin makarantar zai goge duk abin da ke cikinta ya zuba darussa.

"Gobe zan koma," in ji shi, amma muryarsa ba ta nuna goben za ta bambanta da yau ba.

Rauda ta ce, "Dakata. Modibbon nan ba Bafulatani ba ne?"

"Shi ne."

"To ka huta. Abin da ɗalibi ba zai iya faɗa ba, Babarbariya za ta faɗa ta ƙara da tsiya. Malam Mika'ilu, kai za ka raka ni."

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowane ɓangare na cewa shi ne ubangida, kuma abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a ɗaukarsa da zafi, komai tsufa komai malanta. Ni dai ban taɓa ganin an tafi da shi neman kwamfuta ba.

Washegari bayan La'asar muka isa. Modibbo na zaune a kan buzu, baƙi sun ragu. Rauda ta cire takalmi daga nesa, ta durƙusa a bakin zaure, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali da ɗalibai da ƙarfin jiki. Ya ƙura mata ido.

"Wannan ba 'yar Nagoda ba ce? Ikon Allah. Yau bayi sun tuna da ubangidansu. Me aka kawo mini?"

"Allah gafarta Malam, ba kawowa na yi ba, ƙwace na zo yi. An ce an ba Bafulatani kwamfuta, na ce bari in yi sauri kafin ya ɗaure ta a turke ya fara neman nono."

Modibbo ya yi dariya har da tari. "Kun ji ko? Bulon ubanta ne a ajin nan na gabas, har yau ina jiran ya faɗi in kai ƙara, ya ƙi faɗuwa. To ke me Babarbare ya sani a kwamfuta? Ku da in aka ba ku sai ku kai kasuwa ku ce nawa aka taya."

"Ai gara mu, mun san kasuwar. Ku sai ku kai ta kiwo."

Sai ta gyara zama, muryarta ta sauya. Ta gaya masa gaskiya tiryan-tiryan: cewa a cikin kwamfutar akwai hanyar buɗe bayanan marasa lafiya, sabuwar ba ta san yadda tsohuwar ta kulle su ba, kuma akwai wata baiwar Allah da za a yi wa tiyata, ana bukatar sakamakon jininta kafin ranar. In aka goge ta ranar Alhamis, shi ke nan.

Modibbo ya ce, "Wace ce? In sa ta a addu'a."

"Ka yi mini aikin gafara, Malam, ba zan faɗa ba. Don kada a faɗa ɗin aka kulle. Ka sa ta a addu'a haka nan, Allah Ya san ta."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ashe abin da ya kawo Uwaisu jiya ke nan. Na gan shi yana ta murza hula kamar yaron da bai wanke allonsa ba." Ya ɗan yi tunani. "Kyauta dai ba za ta koma ba. Na karɓa, na yi addu'a, ba zan warware wa ɗana ladarsa ba. Amma tunda kayana ce, ina da ikon ba da aro. Na ba ki aro. Sai dai ba a ba Babarbare aro ba shaida. Malam Mika'ilu, ka ji?"

Na ce, "Na ji, Allah gafarta Malam."

"Kuma in za ta dawo, ta dawo da darussan yaran a ciki, ke za ki zuba. Ladan ƙwace ke nan."

A Keke Napep muka ɗauko ta, ina rungume da ita kamar jinjiri. Rauda ta ajiye ta kusa da sabuwar, ta buɗe murfin gefe, ta ɗauko fankar shagonta ta saita mata iska don kada ta ɗauke. Na buga makullin nan mai harafi ashirin, ta buɗe kamar ba ta je ko'ina ba.

"Fayil ɗin Zinatu tukuna," in ji Rauda. "Sauran bincike ya jira."

Hoton sakamakon ya fito tsaf, da tambarin ɗakin gwajin da kwanan wata. Dakta ya karanta a tsaye, ya kira babban asibiti ya karanta musu, sannan ya buga a takarda ya sa a ambulan ya kai da kansa. Abin da ya gani ba shi ne wanda ya yi zato ba. Ya gaya mana haka da bakinsa a bakin ƙofa, kafin ya fita.

Sai a lokacin Rauda ta shiga cikin aikin Isiyaku. Zatonta ya tabbata: gunduwa mai talatin da biyu, makulli cike da sifiri. Amma tubalin farko daga lambar katin kowane mara lafiya yake ƙirƙiro shi, ta wata hanya tasa ta kansa. Ta daɗe tana kallon allon.

"Wannan da sai in shekara ban canka ba. Allah Ya jiƙan Isiyaku, ya iya gini. Da kayan zamaninsa ya yi, kuma ya riƙe."

Sauran aikin na haƙuri ne. Ta rubuta 'yar manhajar da ke buɗe kowane fayil da tsohon laburare ta miƙa wa sabon ya kulle da nasa ma'aunin. Ba ta yarda da komai a baki ba. Duk wanda aka mayar sai an sake buɗe shi a sabuwar an gwada da na tsohuwar, ni kuma ina duba suna da lamba da katin da ke kabad. Muka zaɓi sabon makulli mai harafi talatin da biyu cif, don kada wani ya sake cike mana gurbi ba mu sani ba. A farkon manhajar ta rubuta wane laburare ta ɗauka, da tsawon makulli, da girman gunduwa, ta ce saboda wanda zai zo bayanta.

Da muka gama ta goge tsohuwar kwamfutar sarai, har ta tabbata ko inuwar sunan wani mara lafiya bai rage ba. Ta sauya mata fanka, ta zuba darussan, muka mayar. Modibbo ya sa aka kunna a gabansa, ya duba ta gaba da baya, ya ce ta rame, lallai a gidan Barebari ta kwana.

An yi wa Zinatu tiyata a ranar da aka sa. An bukaci jinin, kuma wanda aka tanada jikinta ya karɓa. Bayan ta yi arba'in ta zo wurinmu da jaririyar a goye. Ba ta san kwamfuta ta yi tafiya ba, mu ma ba mu gaya mata ba. Na buga sabon makullin, fayil ɗinta ya buɗe, na ƙara sabon sakamakon a ƙarƙashin tsohon. Ta leƙo ta ce, "Baba Mika'ilu, kun yi sabuwa ke nan. Ina tsohuwar mai kukan nan?"

Na ce, "Ta tafi karatu gidan Modibbo."

Da za ta fita ta tambaye ni ko Rauda na nan, tana so a buga mata katin shagon ɗinki, don ta kusa komawa keke. Na nuna mata koren ƙyauren ta taga. A buɗe yake, fankar na ta ƙara.